Bindigar da aka tono a gonar Baba Yakubu

Ku da kuke cika mini benci a ƙofar shago kuna danna waya, na ga abin da kuke kallo. Wani Bature ya ɗauko tsohuwar bindiga da tsatsa ta cinye, ya tsoma ta a wani ruwa, ya kara mata inji, kafin shayi ya huce ga ta tana ƙyalli. Sai ku ɗago kai ku ce, "Baba, ashe aikin naka ba wuya." Kallon kitse kuke yi wa rogo. Wannan da kuke gani ya goge ta tas, ni a wurina ɓarna ya yi, don duk abin da bindigar za ta faɗa maka a kan mai ita ya tafi da tsatsar. Ku gyara zama in ba ku labarin wata da na yi aikinta, wadda da na kai mata samfefa da wani bawan Allah bai kwana gidansa ba har yau.

Sai na fara da maigidana, Malam Buba, don in ba shi labarin ba ya tafiya. Mutumin Maiha ne, maƙeri ɗan maƙeri, ya koyi gyaran bindigar Turawa a wani kanti tun kafin a haife ni. Aikin farko da ya ba ni ba bindiga ba ce, sukudireba ce. Kowace ƙusa ta tsohuwar bindiga da irin tsagin kanta, sai ka zauna da magagari ka gyara bakin sukudireba har ya zauna a tsagin daram. In ta goce ta karce ƙarfe, ranar ba ka da kunnen jin kiran salla saboda faɗa. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in riƙe bindiga, kuma ko da ya yarda, cewa ya yi in ɗora ta a cinya in yi ta kallo, in gaya masa wane ne mai ita. Bahago ne ko badame? Dogo ne ko gajere? A kafaɗa yake rataya ta ko a keke yake ɗaure ta? Duk yana jikin itacen, inda gumi ya baƙanta da inda igiya ta ci.

Wata rana wani maharbi ya kawo bindiga ta tsage a wuya, wato inda hannu ke kamawa bayan kunama. Na ɗauko ƙusa zan buga. Malam Buba ya make hannuna, ya aike ni mahauta kusa da kasuwar shanu in samo wutsiyar sa ɗanya. Aka zare fatar ba tare da an tsaga ta ba, aka zura ta a wuyan bindigar tana jiƙe, aka ajiye a inuwa. Da ta bushe ta ƙanƙance ta damƙe itacen, ko da guduma ba ka raba su. Yana kuma da wani gwangwani cike da aninai, waɗannan masu huji a tsakiya da tauraro, da suka daina amfani bayan an canja kuɗi. In bindiga ta tsufa bututu ya fara girgiɗi a jikin uwar, wato ƙarfen da ke ɗauke da kunama, sai ya buge anini ya yi falan-falan, ya yanki ɗan ɓalli ya liƙa da dalma a ƙugiyar da bututun ke juyawa a kai. Duk ƙasar nan ban san wani mai yin haka ba. Ni kaina da na kama gashin kaina tagulla nake sawa, don aninan sun ƙare tun yana raye.

Na yi wasu shekaru a Garwa ina neman na kaina, na dawo na tarar ƙarfinsa ya ƙare, na karɓi shagon. Masu kawo mini aiki maharba ne da manoma daga Gude da ƙauyukan kan dutse, waɗanda birai da gyado ke hana su girbi, sai fataken shanu da ke ratsa daji. Galibi bindigar toka ce. Mai baki biyu, wadda yara ke kira dabul, ba kowa ke da ita ba, gadon gida ce, kuma mai ita yakan shigo da ita a naɗe cikin zane.

Sai shekarar gudu ta zo. Wasunku kuna goye a lokacin. Da aka ji 'yan ta'adda sun doso gari, duk mai bindiga ya rasa inda zai sa kansa. In su suka same ka da ita, sun ƙwace sun kashe ka. In ka gudu da ita ka haɗu da masu tsaro a hanya, wa zai tsaya jin cewa ta kakanka ce? Sai mutane suka riƙa shafe su da man kaɗanya suna binnewa. Ni na tsallaka Kamaru da iyalina da magagari biyu a aljihu. Na dawo na tarar shago ba ƙofa, har uwar maƙera an ɗauke, abin da ƙato biyu ke nishi kafin su ɗaga. Na daɗe ban yarda a kira ni mai gyaran bindiga ba. Fartanya na koma ƙerawa, da gyaran keken ɗinki, har abubuwa suka lafa. Tun daga nan ba na taɓa bindiga sai da takardarta, ko kuwa hukuma ce ta kira ni.

Wannan da zan ba ku labarinta, hukuma ce ta kira ni. Wani yaro Ishaya, mai tuƙa keke napep, ɗan marigayi Baba Yakubu maharbi, yana haƙa rami a gonar ubansa can wajen Gude zai kafa rumbu, sai diga ta ci karo da ƙunshin fata. Ya buɗe ya ga bindiga mai baki biyu. Yaron kirki, bai kai ta gida ba, ya wuce da ita wurin Jauro, mai unguwarsu, Jauro ya kai ta ofishin 'yan sanda. Da a nan magana ta ƙare, sai labari ya kai kunnen Bukar, ɗan marigayi Alhaji Modu, Babarbare mai fataucin shanu. Alhaji Modu da Baba Yakubu aminai ne tun suna samari, ɗaya masallaci ɗaya coci, kuma gidajen biyu sun san cewa ranar da za a gudu tare suka tafi gonar nan da buhu suka dawo hannu rabbana. Baba Yakubu a gudun ya rasu, Alhaji bai daɗe da dawowa ba ya bi shi, ba wanda ya nuna wa 'ya'ya ramin.

Bukar ya ce ubansa na da dabul, Baba Yakubu na da dabul, biyu aka binne, ina ɗayar? Takardun bindigogin duk sun ƙone a waccan shekara. Aka sa Ishaya bayan kanta, aka ce in ɗayar ba ta fito ba za a miƙa shi gaba, wurin masu binciken waɗanda ke sayar wa 'yan daji makami. Duk ɗan Mubi ya san wanda aka miƙa can ba a sa masa ranar dawowa.

Kada ku ɗauka Bukar mugu ne. Ƙaninsa a kan hanyar gudu aka harbe shi. Ya gaya mini da bakinsa cewa tun da ya ji labarin ramin nan abinci ba ya wuce masa, yana tunanin bindigar ubansa na hannun irin waɗanda suka kashe ɗan ubansa.

Na tarar da Bukar da uwar Ishaya da wani sajan a gindin mangwaro a harabar ofishin, bindigar na kan tabarma. Gara ta ci gindin ƙotar, tsatsa ta kulle ta ruf, ko motsi makullin ba ya yi. Sajan ya ce abin da suke so in faɗa shi ne ta wace ce a cikin biyun.

Bukar ya nuna ɗan ƙwallon saiti da ke kan hancin bututun. "Baba, duba nan. Azurfa ce. Ɗan kunnen mahaifiyata ne aka narka da na asalin ya faɗi. Ina yaro ni nake goge shi."

Uwar Ishaya, Saratu, tsohuwa ce 'yar firit, ta ɗora yatsa a wuyan bindigar. "Malam, wannan fata na wutsiyan sa ne. Ni na saya wutsiyan da kuɗin gyaɗana. Bindigan na mijina ne, ko a duhu na san shi."

Na dubi wannan na dubi wancan, ban ga mai kamar maƙaryaci ba. Na ce wa sajan ba zan ce komai ba sai ta buɗu, kuma ba zan buɗe ta da ƙarfi ba. Ya ce a kawo guduma a huta. Na ce in an kawo guduma sai a nemo wani maƙerin.

Ba su yarda ta bar ofis ba, don haka kullum da safe in ɗauko jakar kayana in zauna a gindin mangwaron nan. Kananzir nake ɗiga mata a kowace gaɓa da gashin kaza, in ɗan ƙwanƙwasa da guntun itace, in bar ta ta sha rana, in sake. Tsatsar sama da ɓallin tagulla nake kankare ta a hankali, don tagulla na cin tsatsa ba ta cin ƙarfe. Aikin nan ba ya son gaggawa, ni kuwa ga gaggawa a gabana, don Saratu kullum sai ta kawo wa ɗanta tuwo, in an karɓa ta zo ta zauna nesa kaɗan da tabarmata ta zuba wa hannuna ido. Ba ta taɓa ce mini in yi sauri ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, har na riƙa jin haushin tsatsa kamar mutum.

Ranar da makullin ya motsa, na cire ɗan itacen gaba, na buɗe ta a gaɓarta, bututun ya fita daga jikin uwar. A ƙarƙashinsa, inda rana ba ta gani, nan Turawa ke buga hatiminsu. Malam Buba ya koya mini karanta su yadda Bafulatani ke karanta tsagar kunnen saniya. Ga zanen ƙwai da haruffa a ciki da kambi a kai, wato ƙirar Beljiyam ce, irin da kantunan Turawa suka riƙa kawowa zamanin kakanninku. Uwar ma hatiminta ke nan, gida ɗaya suka fito. Sai na duba lamba. Maƙeran can lamba ɗaya suke buga wa bututu da uwa, don tare aka haife su. Na goge ta bututu na karanta, na goge ta uwa na karanta. Ba su yi daidai ba. Na ce ko idona ne, na kira sajan ya karanta mini, shi ma ya ce daban suke.

Na juya bututun na dubi ƙugiya. Akwai wani ɗan ɓalli fari liƙe a cikinta. Na tofa yawu na murza da babban yatsa, sai ga ƙafar tauraro, ga gefen huji. Anini ne. Na zauna ina kallon aikin hannun maigidana, shekara da shekaru bayan mun kai shi makwanci. A lokacin da nake Garwa ya yi aikin, shi ya sa ban san da shi ba.

Na sa aka kira Bukar da Jauro, aka fito da Ishaya ya tsuguna a gefe, duk ya zabge. Na fara da tsohuwa.

"Mama, Baba Yakubu na san shi da yatsu uku a hannun hagu. Me ya ci sauran?"

"Bindigan nan ne. Ya faɗi a bakin rafi, laka ya shiga bakin, bai duba ba ya harba gyado. Ya fashe a hannunsa. Ina da cikin Ishaya lokacin."

"Sai aka yi yaya da bindigar?"

"Da ya warke ya kai ma Malam Buba, ya gyara."

Na ce, "Mama, bututun da ya fashe ba ya gyaruwa. Ko Baturen da ya ƙera shi sai dai ya jefar."

Na juya wurin Bukar na tambaye shi ko ta Alhaji ta taɓa zuwa gyara. Ya ce yana ƙarami an taɓa dawowa daga fatauci da ita a buhu, wani bijimi ya taka ta a wajen lodi, ƙota ta ragargaje, uwar ta lanƙwashe. Daga baya ta dawo gida lafiya, Alhaji ya ce an yi mata sabon gindi.

"Wane lokaci kake ganinta a gida?"

"Da rani, in za su tafi sayen shanu. Da damina Alhaji yakan ce ya ba da ita ajiya saboda sanyin ɗaki."

Saratu ta ɗago kai. "Mu da damina yake zama a gida, har a gama girbi. Da rani Baba yana cewa ya kai ma Malam ya sa mai."

Na ce to, a cikinku wa ya taɓa ganin bindigogin nan biyu a jere, ko sau ɗaya? Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Na ɗaga bututu a hannun dama na ce wannan na Alhaji Modu ne, ga azurfarsa. Na ɗaga uwa da ƙota a hagu na ce wannan na Baba Yakubu ne, ga wutsiyar sansa. Ɗaya bakinta ya mutu, ɗaya gindinta ya mutu, Malam Buba ya haɗa rabi da rabi ya tayar da guda, ga aninin da ya cike tsakaninsu. Bindiga biyu kuke nema, ga su nan duka a kan tabarma. Sajan ya karɓa ya juya, ya sake karanta lambobin, ya kira babbansu shi ma ya gani.

Jauro ya ce, "To me ya sa suka ɓoye wa iyalansu?"

Saratu ta ja tsaki ta ce, "Maza!" Har sajan sai da ya yi dariya. Ni dai zatona, ta Alhaji gado ce da 'yan'uwansa ke da baki a kai, shi kuma maharbi ba ya son a ji cewa rabin bindigarsa ta wani ce. Allah ne masani, su biyun da maƙerinsu duk sun tafi da maganarsu.

Bukar bai yi dariya ba. Babban mutum da shi, da babbar riga, ya zube a gaban tsohuwar nan ya cire hula. "Mama, na cuci ɗanki. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa. "Tashi, Bukar. Ni na goya ka ranar da mamanka yake zazzaɓi. Ka je ka gaya ma ɗan'uwanka, ba ni ba."

Ya je. Ishaya ya miƙa masa hannu. Da la'asar aka sallame shi, Bukar ne ya tura masa kekensa har ya tashi, don batir ya mutu a zaman da ya yi.

Sauran aikin na yi shi a natse. Inda gara ta ci na yanke, na ɗora guntun maɗaci na daidaita, na yi ta shafa mai da tafin hannu har launin ya kusa haɗuwa. Ban ɓoye gyaran ba, mai ido zai gani. Fatar wutsiya ban taɓa ta ba, baƙin gumin da ke kumatun ƙotar ma na bar shi, don na mutum biyu ne. Daga ƙarshe na yi mata gwajin da ake yi wa kowace mai baki biyu. Ana rataye bututun da zare, a ɗan ɗalle shi da farce. In dalmar da ta haɗa bakunan biyu na nan lafiya, zai yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta. Na ɗalla, ya ce ƙwas. Na sake, ƙwas. Damshin ƙasa ya shiga tsakaninsu, cikin ma duk ya yi ramuka. Na gaya musu gaskiya, duk wanda ya sa mata harsashi zai bi sawun yatsun Baba Yakubu, in ma ya yi sa'a ke nan. A gaban sajan na cire allurai biyun da ke dukan harsashi na ba shi, aka rubuta cewa ta zama kayan tarihi.

Sai maganar wa zai ɗauka. Jauro ya ce abin ai ya zo da sauƙi, tunda kowa ya san nasa, a raba. Na ɓalle ta a gabansu, na ajiye bututu gaban Bukar, na ajiye ƙota gaban Ishaya. Bukar ya ɗauki nasa ya juya shi, ya leƙa ta ciki, ya shafa ɗan kunnen uwarsa. Ishaya ko taɓa nasa bai yi ba. Can Bukar ya miƙo mini.

"Baba, mayar da ita yadda take."

Na mayar, ta rufe ƙyas. Ya karɓa, ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa a kan duwatsun Kamaru, ya ɗora ta a hannun Ishaya. "Damina ta kawo kai. Lokacinku ne."

Saratu ta kwance ɗankwalinta ta naɗe bakin bindigar. Ta ce, "In an gama girbi kada ka zo ɗauka. Mu ne za mu kawo. Yanzu na gane inda Baba yake zuwa da sabon dawa a kai da wannan abu a hammata."

Bara bayan girbi ina zaune a nan inda kuke, sai ga keken Ishaya ya nufi unguwar su Bukar. Tsohuwar na baya ta rungume wani dogon abu a naɗe cikin zane, ga buhun dawa a ƙafarta. Ya danna mini ham bai tsaya ba.